Bakin 'yan teku: tafiyata Greenwich da Portsmouth

Ɗan yayata da ke aikin jinya a Landan ne ya matsa sai na je. Tun da na yi ritaya daga koyarwa yake damuna a waya: "Kawu, shekara da shekaru kana koya wa 'ya'yan mutane Turanci, ka zo ka ga inda ake dafa shi." Shi ya turo takardar gayyata, shi ya biya kuɗin jirgi, ni kuma na ji da biza, wadda ta ci fam ɗari da ɗoriya, ban da zirga-zirgar Abuja da tarin takardun banki. Da ta fito, a farkon Oktoba, na hau mota daga Kano zuwa Kaduna, na shiga jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Idu, washegari muka tashi. Awa shida da 'yan mintoci sai ga mu a Heathrow.

Ya riga ya ja mini kunne kada in kuskura in ɗauko kilishi ko dambun nama, don nama da madara daga ƙasashenmu ba sa shiga Ingila. Yaji da kuka da daddawa kawai na ƙunsa. A layin shige da fice mun daɗe a tsaye, masu fasfon Turai na wucewa ta ƙofofin na'ura, mu masu koren fasfo muna jan ƙafa. Jami'ar da ta karɓe ni ta tambayi wurin wa na zo, me yake yi, yaushe zan koma. Na nuna mata tikitin komawa, na ɗora yatsu a na'ura, shi ke nan.

Jirgin ƙasa ɗaya ya kai mu har Woolwich, unguwarsu, a kudu maso gabashin Landan, bakin Kogin Thames. Ɗaki ɗaya ne da falo, ni aka bar wa gadon, shi ya koma kujera. Unguwar cike take da 'yan Najeriya da Somaliyawa da mutanen Nepal, ga mahauta masu naman halal, ga masallaci a titin Plumstead da ƙafa ake zuwa. Ta fuskar ci da salla ban wahala ba. Sanyi ne ya hana ni sakat, alhali su a wurinsu ko fara shi ba a yi ba.

Da yamma ya zagaya da ni cikin wasu tsofaffin gine-ginen bulo da aka mayar gidajen kwana, ga manyan bindigogin igwa an girke su don ado. Nan ne Royal Arsenal, masana'antar da ta ƙera wa sojan Ingila na ƙasa da na ruwa igwa da harsashi. Ma'aikatanta ne suka kafa ƙungiyar ƙwallo a 1886, ita ce Arsenal ɗin nan da yaranmu ke raba dare a gidan kallo dominta, shi ya sa igwa take a tambarinta. Sunan kuwa na Larabawa ne, "dar as-sina'a", gidan sana'a. Mutanen Venice suka ara suka raɗa wa filin da suke ƙera jiragen ruwansu, daga nan ya bi bakin 'yan jirgi tasha-tasha har ya iso bakin Thames. Wato sana'ar da muke faɗa kullum da Arsenal uwa ɗaya uba ɗaya suke, ɗaya ta biyo raƙumi, ɗaya ta biyo ruwa. Haka "admiral", babban hafsan sojan ruwa. Amiru ne, namu ɗin nan. Sarakunan Norman da suka karɓe tsibirin Sicily daga hannun Musulmi ba su soke muƙamin ba, a ƙarni na 12 mai riƙe da shi ne ke jagorantar jiragen yaƙinsu, sauran Turai suka kwaikwaya. Tun ranar na ce wa yaron, ni fa ba kantuna na zo gani ba, kai ni inda jiragen suke.

Washegari da hantsi muka shiga jirgin fasinja na kogi zuwa Greenwich, wajen fam shida kowa, da katin banki ake biya. Kogin ne ya fara ɗaure mini kai. Da yamma na gan shi cike har bakin katanga, yanzu ya janye ya bar laka da duwatsu a fili. Teku ce ke turo ruwa tana janyewa sau biyu a kwana guda, bambancin yakan kai mita shida ko bakwai. Na saba da kogin da ke cika da damina ya ƙafe da rani, ban san akwai mai yin daminarsa da raninsa tsakanin Asuba da La'asar ba.

A jikin jirgin akwai jar fitila a hagu, koriya a dama. Ɗan jirgi ba ya cewa dama ko hagu in yana nufin gefen jirgi, domin damar wanda ya fuskanci goshi ita ce hagun wanda ya ba shi baya, kuma cikin duhu da hadari babu lokacin tambayar "damarka ko tawa?" Don haka jirgin da kansa aka ba wa ɓangarori. Na dama shi ne "starboard", gefen tuƙi, saboda a jiragen da, wata babbar sandar tuƙi ake ɗaurawa a baya ta dama, yawancin mutane kuwa da dama suke aiki. Gudun kada a murƙushe sandar, da gefen hagu ake jingina jirgi a tasha, ana kiransa "larboard". To amma in iska na kaɗawa aka ƙwala ɗaya daga cikinsu, kunne ba ya rarrabewa. A 1844 rundunar ruwan Ingila ta ba da umarni a daina, a koma cewa "port", wato tasha.

A ƙofar gidan tarihin teku na Greenwich na ci karo da atamfa. Wani katafaren kwalba ne a kwance, a cikinsa kwaikwayon jirgin Nelson, babban hafsan sojan ruwan Ingila da aka kashe a yaƙin Trafalgar, filafilansa, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, duk na atamfa ne. Aikin Yinka Shonibare ne, wanda ya tashi a Legas. Shiga gidan kyauta ne, abin da na yi murna da shi, don ko ruwan sha a garin nan sai ka lissafa da naira ka ji ƙishin ya tafi.

A ciki na daɗe gaban igiyoyi biyu. Ta farko siririya ce naɗe a kan sanda, an ƙulle ta ƙulli-ƙulli, a bakinta wani ɗan katako. Da ita ake auna gudun jirgi. A jefa katakon a ruwa ta baya, ya tsaya inda ya faɗa, jirgi ya ci gaba, igiya tana warwara ta tsakanin yatsun mutum, wani kuma na riƙe da agogon yashi na sakan 28. Tsakanin ƙulli da ƙulli ƙafa 47 ne da inci 3. Da yashi ya ƙare sai a damƙe igiya, yawan ƙullin da ya wuce shi ne yawan mil ɗin da jirgi ke ci a awa. Har yau da "knot", ƙulli, ake faɗin gudun jirgin ruwa da na sama, mil ɗin teku kuwa mita 1,852 ne. Katakon sunansa "log", littafin da ake rubuta sakamakon ya zama "logbook", daga nan ne jikokinmu suka gaji "log in" da suke yi a waya, ba tare da sun taɓa ganin teku ba.

Ta biyun ce ta sa na yi dariya ni kaɗai. Igiya ce mai curin dalma a baki, da ita ake auna zurfi, an ɗaɗɗaura mata fata da tsummoki masu launi don a gane alamar ko da laluben hannu cikin dare. Gindin dalmar da rami, ana cusa kitse, in ta taɓa ƙasa ta ɗauko yashi ko laka ko ɓawon katantanwa, gogaggen matuƙi ya duba ya san yankin da yake. Ma'aunin sunansa "fathom", ƙafa shida, asalinsa kuwa a tsohon Turanci shi ne buɗe hannuwa biyu daga yatsa zuwa yatsa. Gaba ke nan, ba ragi ba ƙari. Masu haƙa rijiya a garinmu da ita suke ciniki, su ce ruwan unguwa kaza sai an yi gaba goma sha biyar, in kuma abu ya gagari hankali mu ce rijiya gaba dubu. Su ma Turawan in magana ta fi ƙarfin fahimtarsu sai su ce ba su iya "fathom" ɗinta ba, wato igiyarsu ba ta taɓo ƙasa ba. Ba wanda ya ara wurin wani a nan, mai jan igiya ko'ina yake da hannunsa yake awo.

Jirgin shayin nan Cutty Sark na 1869 daga waje muka kalle shi, tikitinsa ya kusa fam ashirin ko ya fi, muka ajiye kuɗin don hawa tudu. A kan tudun ne gidan duban taurari yake, wanda Sarki Charles na II ya kafa a 1675. Duk wanda ya tashi da rediyo a kunne ya san "ƙarfe bakwai da rabi agogon GMT, takwas da rabi agogon Najeriya da Nijar." To ga G ɗin nan, wani ɗan gida a kan tudu, da layin ƙarfe a tsakar gida mutane na layi su raba ƙafa a kansa a ɗauke su hoto. A 1884 aka amince a taron Washington cewa daga nan za a riƙa ƙirga gabas da yamma, layin kuma in ka bi shi kudu sai ya fita teku ta Tema a Ghana. Abin dariya, ranar da muka je agogon Greenwich da na Kano daidai suke, don da bazara sukan tura nasu gaba da awa ɗaya, sai ƙarshen Oktoba su koma GMT.

Duk wannan saboda 'yan jirgi aka yi. Duniya na juya digiri 15 a awa, don haka in matuƙi ya san ƙarfe nawa a Greenwich, ya kuma duba rana ya san tsakar ranar inda yake, ya san nisansa gabas ko yamma. Matsalar ita ce agogon da zai jure girgiza da zafi da sanyi. Bayan jiragen yaƙi huɗu sun dare a duwatsun Scilly, kudu maso yammacin Ingila, a 1707, mutum fiye da dubu suka halaka, majalisa ta sa ladan fam 20,000 a 1714 ga wanda ya warware matsalar. Wani kafinta, John Harrison, ya ƙarar da rayuwarsa a kai, agogunansa huɗu suna nan. Ƙarfe ɗaya saura minti biyar muka ga wata jar ƙwallo ta fara hawa sanda a kan rufin, ɗaya na cika ta faɗo. Tun 1833 ake sakinta, don jiragen da ke kogi su hango su daidaita agogo kafin su fita.

Portsmouth kuwa da bas muka je, don ranar ma'aikatan jirgin ƙasa na yajin aiki. Ko wannan ma na 'yan jirgin ruwa ne. A 1768 ma'aikatan jirage a tashar Landan suka nemi ƙarin albashi aka hana, suka bi jirage suna sauke filafilai don kada ko ɗaya ya motsa. Sauke filafili a bakinsu shi ne "strike". Mu daga matar da ta yi fushi ta tafi gidansu muka samo namu, su daga nan. Daga tashar Victoria awa biyu da rabi ne, fam goma sha wani abu, ba shinge ba ɗan sanda ba "me ka kawo mana", sai gonaki kore shar da tumaki. Bas ta sauke mu a The Hard, ƙofar tashar sojan ruwa. Muka kama ɗaki mai gado biyu a wani ƙaramin masauki, fam saba'in, tagarsa ba ta rufuwa sosai, da rigar sanyi na kwana. Tikitin shiga tashar tarihin ya haura fam arba'in kowa. Nan na ga amfanin ɗa mai albashin fam.

HMS Victory, jirgin yaƙin Nelson, muka zo gani. A 1765 aka saka shi a ruwa a Chatham, itace wajen 6,000 ya ci, igwa 104 yake ɗauka, tun 1922 yake zaune a busasshen rami a nan, kuma har yau a takarda jirgin soja ne da ke bakin aiki. Mun same shi cikin gyara, an cire dogayen jigajigansa, an kewaye shi da ƙarafan magina, daga waje ba ya cika ido. Ciki ne labari. Kana sauka hawa na ƙasa rufin na matsowa, ga warin kwalta da tsohon itace, ga duhu. Ni da ba dogo ba sai da na cire hula na duƙa. A wannan akurkin mutum 820 suka zauna lokacin yaƙin Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba 1805, da jiragen Ingila 27 suka kara da 33 na Faransa da Sifaniya.

A hawan igwa na ƙasa muka haɗu da wani dattijo cikin masu yi wa baƙi bayani, tsohon sojan ruwa, hannayensa duk zane. Ya ga ina rubutu a ɗan littafi ya tambayi daga ina. Da na ce Najeriya sai ya ce jirginsu ya taɓa tsayawa Legas, ya kuma ja mu gefe. Ya nuna ƙugiyoyi a jikin katakon rufi, nan ake rataya gadon lilo, kowane mutum inci 14 ne rabonsa. Na auna da hannu, bai kai kamu ɗaya ba. Abin da ya cece su shi ne rabi na aiki rabi na barci, kowane zango awa huɗu, ana juya agogon yashi duk rabin awa a buga ƙararrawa, bugu takwas zango ya cika. In mutum ya mutu a hanya, cikin gadon nasa ake ɗinke shi, a sa masa harsashin igwa a ƙafa, a zura shi teku. Gadonsa shi ne likkafaninsa. Ban-ɗaki kuwa can goshin jirgi yake, a fili, 'yan kujeru masu rami igiyar ruwa na wankewa, shi ya sa har yau sojan ruwa "heads" yake ce wa ban-ɗaki ko a ina aka gina shi.

Sai abinci. Biskit mai taurin dutse da akan ƙwanƙwasa a tebur ƙwari su fito, naman sa da na alade da suka yi watanni cikin gangar gishiri, wake, kunun wani hatsi da suke kira "oats". Naman don tauri suka sa masa "junk", sunan tsohuwar igiyar da ta gama aiki. Litinin da Laraba da Juma'a ba nama, suna kiransu ranakun "banyan", daga fataken Indiya da ba sa cin abu mai rai. Maiƙon da ke tasowa a tukunya, "slush", kuku ke kwashewa, rabi a shafa wa igiyoyi, saura ya tara ya sayar a tasha ya soke kuɗin. Daga nan "slush fund" ta fito, kuɗin gefe da ba ya shiga littafi. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ashe tsohuwar sana'a ce." Na ce har da kakanninta.

Ruwa a ganga yakan yi kore ya yi wari cikin 'yan makonni, don haka giya suke sha, galan guda a rana, in ta ƙare a yankuna masu zafi a koma barasar rake. A 1740 Admiral Edward Vernon ya gaji da maye ya ce a riƙa surka ta da ruwa. Yana da wata alkyabba ta yadin "grogram" da ba ya rabuwa da ita, har suna kiransa Old Grog a bayan idonsa, sai suka juye wa surkin sunan don haushi. Wanda ya sha ya yi laushi ya zama "groggy". Rabon bai tsaya ba sai 31 ga Yuli 1970, ranar da wasu suka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu kamar an yi mutuwa. Dattijon ya ce shi lokacin bai cika shekara 20 da ake fara ba mutum ba, ko sau ɗaya bai samu ba. Na ce masa Allah ne ya tsare shi. Ya yi dariya ya ce matarsa ma haka take cewa.

Da na ga farantan katako masu kusurwa huɗu a kan tebur, na ce ai ga asalin "square meal", abinci mai kusurwa huɗu, wato cin ƙoshi. Ya girgiza kai. Ya ce ana faɗa wa baƙi haka, amma a Amurka aka fara ganin maganar a rubuce, a tsakiyar ƙarni na 19, kuma a kan tudu. Haka bulalar nan mai harshe tara da suke kira kyanwa, wadda aka ajiye a jar jaka: bulalar gaskiya ce, an tsaga bayan mutane da ita har wajen 1880, amma cewa daga ita aka samo karin maganar fitar da kyanwa daga jaka, wato tona asiri, ba hujja. Haka "posh", wato abin ƙasaita, da ake cewa harufan tikitin masu kuɗi ne masu zuwa Indiya, hagu a tafiya dama a dawowa don gudun rana: ba a taɓa samun tikiti ko ɗaya mai wannan rubutu ba. Ya ce masana harshe na tsokanar irin waɗannan masu labari da cewa 'yan wani kwamiti ne mai jingina wa kowace kalma asali daga teku, harufan farkon sunan kwamitin kuma in an haɗa sai su ba da "canoe", kwalekwale.

Na lura da abu ɗaya a hirar. Labaran da suka zo a shirye, da kai da ƙafa, masu daɗin maimaitawa a majalisa, su ne yake turewa. Waɗanda yake tsayawa a kansu ba su da ado, daga yunwa sai bulala sai matsi sai aikin igiya. "Learn the ropes", koyon igiyoyi, wato sanin kan aiki, da na sha rubuta wa ɗalibai a allo ba wata hikima a ciki, sabon yaro ne da igiyoyi ɗaruruwa a gabansa, kowace da sunanta, in ya ja wadda ba ita ba cikin dare wani ya faɗo. "Loose cannon", da ake ce wa mutumin da ba a iya sarrafawa, igwa ce mai nauyin tan uku da ta tsinke tana yawo cikin mutane. Barkwancinsu ma ɗaci gare shi. A 1867 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara takwas, Fanny Adams, kisan gilla a garin Alton, nan Hampshire, lardin da Portsmouth take. Bayan shekara biyu aka fara ba sojan ruwa naman gwangwani, suka duba suka ce ita ce a ciki. Sunan ya bi gwangwanin, ya bi tukunyar, har ya zama ma'anar "babu komai". Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

Bakin nasu na yau ma bai mutu ba, Jackspeak suke ce masa. Abinci "scran", aboki "oppo", teku "oggin", garin Portsmouth kansa Pompey, wanki "dhobi" daga Indiya. Baƙo ba ya gane komai, kuma da gangan ne, kamar yadda ɗan kamasho da karen mota za su gama cinikinka a gabanka kana tsaye. Ba mamaki su yi ta tsince-tsince, don ko a ranar Trafalgar rajistar wannan jirgi na ɗauke da Amurkawa da mutanen Malta da Indiya da tsibiran Karebiyan, har da Faransawan da ake yaƙa.

A hawan sama akwai ɗan allon tagulla inda Nelson ya faɗi, wani maharbi daga jirgin Faransa Redoutable ya same shi a kafaɗar hagu. Rigar, da hujinta, na gan ta a Greenwich. Can ƙasa ƙarƙashin ruwa, inda likita ke yanke ƙafafu da hasken fitila, ya cika da ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mutum 57 suka mutu a jirgin, shi kaɗai aka ce sai an kai gida, aka tsoma gawarsa a gangar barasa don kada ta lalace. 'Yan jirgi ba su bar wannan ma ba, rabon barasarsu ya koma "jinin Nelson".

Da rana muka ci kifi da soyayyen dankali a bakin ruwa, fam goma sha biyu, ba gishiri ba yaji, sai da na zaro ƙullin yajina daga aljihu. Tsuntsayen teku masu ƙarfin hali ne, ɗaya ya fizge dankali daga hannun ɗan yayata. Daga nan muka hau jirgin fito zuwa Gosport, minti huɗu ko biyar, muka taka zuwa Haslar, tsohon asibitin sojan ruwa da aka buɗe a 1753 aka rufe a 2009. Yanzu ana mayar da shi gidaje, daga bakin katanga muka tsaya. Nan James Lind ya yi aiki, likitan da a 1747 ya ware majinyata 12 masu ciwon da ke ruɓar da dasashi ya zubar da haƙora, ya ba su magunguna daban-daban, masu shan lemo suka tashi. Sai 1795 hukuma ta yarda ta fara raba ruwan lemon, daga baya ta koma lemun tsami, Amurkawa suka samu abin tsokana suka sa wa 'yan jirgin Ingila "limey". Amma ni wani likitan ne ya kawo ni. A wannan asibiti William Balfour Baikie yake aiki kafin ya hau jirgin Pleiad a 1854 ya shiga Kwara da Binuwai, yana ɗirka wa mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Bayansa ne jiragen Turawa suka samu ƙofar shiga ƙasarmu. Ya zauna Lakwaja, ya koyi Hausa, ya zo har Kano a 1862. Na tsaya ina duban katangar har yayyafi ya kore mu.

Sauran kwanakin ziyarar 'yan uwa ne da sayen tsaraba, jakata ta yi nauyi da saƙon mutane sai da muka rage a filin jirgi. Ta ƙofar hagu muka shiga jirgin, gefen tasha, kamar yadda ake shiga yawancin jiragen fasinja, a bakin fiffiken hagu jar fitila, na dama koriya, mai tuƙi kyaftin, ma'aikata "crew". Su ma Turawan abin da muka yi suka yi, daga jirgin ruwa suka aro. Jirgi a wurin kakanninmu na ruwa ne, da na ƙasa da na sama suka zo muka ara musu sunan.

A kantin tsarabar Portsmouth na sayi usur ɗin ƙarfe irin na shugaban ma'aikatan jirgi, fam takwas. Dattijon ya ce busar ƙarshe da dare ita ce "pipe down", a kashe fitila kowa ya yi shiru. Na kawo shi Kano, jikoki suka gano shi a jaka tun kafin in huta, suka yi ta busa daga zaure zuwa madafi. Kwana biyu uwargida ta jure, ran na uku ta ƙwace ta kulle a durowa, ta ce in ina son kayana in zo da kaina in roƙa.